Ribas a Kwatar Dadin Kowa

Jirage sun kwana kafaɗa da kafaɗa
kamar shanu a turke.
Nawa ne a tsakiya.
A dama kwale-kwalen masu taru,
a hagu jirgin Gidado, fentinsa ko sati bai yi ba.
Tsakanina da kowannensu
tafin hannu ne da yatsu biyu.

Buhun shinkafa goma sha ɗaya,
babur a kwance kan katifa,
wata tsohuwa da zakara a hammata,
har zakaran ni yake kallo.

Kawu Kwairanga na kan tudu, zaune bisa tsohuwar taya.
Damina uku ke nan da yana ta rufe masa ido,
amma kunnensa ya san injin nan
tun ranar da aka ciro shi daga kwali.

Bara na fara gwadawa.
Na sa ribas, na murɗa totur kamar mai jin haushi,
gindin jirgi ya zame hagu,
katako ya ciji katako,
mata masu suyar kifi suka bar kasko suna dariya.
Kawu ya jira har aka watse, ya ce:
"Farfela bahaguwa ce, yaro.
Ka ce mata baya, ta ce to,
sannan ta ratse gefe kamar ƙaguwa.
Haka aka ƙera ta.
Mai ƙara mata wuta don ya tanƙwara ta
shi ke sayen fentin maƙwabci."

Yau ba wanda zai riƙe mini gora.

Na kwance igiyar baya.
Na dafa kwale-kwalen masu taru, na ja,
na karkata gindin jirgina dama,
ɗan kaɗan, iyakar abin da wuri ya bari.
Bashi ne na ba ta,
na san a hagu za ta biya ni.

Na ja igiyar inji. Tari ɗaya, tari biyu, ya kama.
Hayaƙi ya kwanta kan ruwa.
Yaron gaba ya cire igiya daga turke.

Ribas.
Wuta kaɗan, gwargwadon numfashi ɗaya.
Na ji ta a tafin hannuna,
tana jan gindin zuwa ga sabon fenti
kamar akuya ta hango dusa.
Firi.
Shiru, sai ruwa na lasar katako.
Jirgi na tafiya da abin da aka ba shi,
kuma a wannan shirun ne yake jin magana.

Shuɗin fentin Gidado ya wuce ta gefen gwiwata,
na karanta rubutun jikinsa harafi harafi,
daga ƙarshe zuwa farko.
Gumi ya shiga idona, ban share ba.

Wuta ta biyu.
Ta sake ratsewa, na bar ta,
don yanzu hancinmu ya fita fili,
ratsewar tata ita ke juya mu
zuwa inda da ma za mu.
Tsohuwa ta gyara zaman zakara.
Ba wanda ya tafa.
Masu suyar kifi ko waiwaye ba su yi ba,
na kuwa fi son haka.

Na sa giyar gaba.
Dam ya buɗe, fari fat, har gindin duwatsu,
belbelu uku na tsallakawa ba kuɗin mota.

Daga tudu muryar Kawu ta biyo ruwa:
"Ka daɗe a wuta ta biyu!"
Na ɗaga masa hannun da ba zai gani ba.
Ya ƙara da ƙarfi, don iska ta fara ɗauke maganar:
"In ka dawo, ka taho mini da goro,
fari, ba irin na jiya ba."